Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Babban Likitan Gundumar Matameye Kan Masu Shanyewar Ɓarin Jiki

Ranku ya daɗe,

Daga Ɗan Barto nake rubuto muku, kuma na sa takardar a fili ne saboda rabin maganar taku ce, rabinta kuma ta magidanta da matan gida ce, gara kowa ya ji. Idan aka sallami wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ana haɗa shi da abu uku: takardar maganin tansiyo (wato hawan jini), gargaɗin rage gishiri, da cewa a riƙa motsa jiki. Na farko ana saye gwargwadon ƙarfin aljihu, na biyu ana kamantawa, na uku kuwa yawanci a bakin ƙofar asibiti ake barinsa. Hujjata guda ce. Motsa jiki magani ne ga wannan ciwo daidai da ƙwayar da kuke rubutawa, amma a garuruwanmu abin da ake ganin ya kamaci namiji da abin da ake ganin ya kamaci mace shi ke yanke wanda zai sha maganin nan da wanda zai rasa shi. Muddin ma'aikacin lafiya zai faɗi kalma ɗaya ga kowa ba tare da duba wannan ba, tamkar bai faɗa ba ne.

Kun fi ni sanin girman abin, amma masu karatu ba duka suka sani ba. Ƙididdigar cututtuka ta duniya ta 2019 ta nuna mutum miliyan 12.2 ne wannan ciwo ya buge a shekarar, sama da miliyan 6 da rabi suka rasu, shi ne na biyu a cikin abubuwan da suka fi kashe mutane. Kusa da mu, binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a Najeriya da Ghana, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suka shiga, ya fito a 2018 da sakamakon majinyata 2,118. Matsakaicin shekarunsu 59, kuma hawan jini ne ke bayan kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon. Mutanen Kano da Zariya abincinsu namu ne, gishirinsu da dunƙulen miyarsu namu ne, babu dalilin zaton cewa shingen iyaka na Kwangwalam ya raba jininmu da nasu. A gida kuma, binciken STEPS na 2007 ya sami hawan jini a jikin aƙalla babban mutum 1 cikin 5 a Nijar. Shekara 59 ba tsufan kwanciya ba ne. Mutum ne mai gona, mai iyali, mai aurar da ƴaƴa, ko mace mai riƙe da jikoki da sana'ar ƙuli-ƙuli. Ga mata kuma akwai ƙarin ƙofa da maza ba su da ita: hawan jinin ciki da jijjiga, a ƙasar da ƙididdigar 2012 ta ce mace na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici.

Wanda ya tsira daga makon farko, sauran rayuwarsa ta rataya ne a kan watannin da ke biye. Sashen ƙwaƙwalwar da jini ya yanke wa ba ya dawowa, amma sassan da ke maƙwabtaka da shi suna iya koyon aikinsa, kuma ba sa koyo sai da maimaici: hannu ya miƙa, ya kasa, ya sake miƙawa, sau ɗaruruwa. Mafi yawan wannan farfaɗowa a wata 3 na farko take faruwa, tana raguwa zuwa wata 6, ko da yake ba ta rufewa gaba ɗaya. Kwanciya kuwa tana da nata ciwon daban da na asali. Gaɓoɓi su ƙage, yatsu su dunƙule cikin tafi har a kasa wanke tsakaninsu, ƙugu da diddige su yi gyambo, ƙirji ya kamu, jini ya daskare a ƙafa. Kusan mutum 1 cikin 3 na masu wannan ciwo yana faɗawa cikin ciwon damuwa, kuma kusan 1 cikin 4 ciwon yana sake buge shi kafin shekara 5. Shi ya sa ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka, a jagorar da ta fitar a 2014, ta ce a riƙa rubuta wa majinyacin motsa jiki kamar yadda ake rubuta magani, kwana 3 zuwa 5 a mako, minti 20 zuwa 60, ko a jere ko a rarrabe.

A ina za a yi wannan? Daga Ɗan Barto zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram tafiyar kimanin kilomita 100 ce, ta Matameye da Takeita. Mai hali yakan tsallaka Daura ko Kano neman masu gashin ƙashi, waɗanda a nan muke ce wa kine, amma rufe iyaka na 2019 da na 2023 sun nuna mana cewa wannan hanya ba abin dogaro ba ce. Ko da hanya a buɗe take, babu talakan da zai ɗauki shatar mota sau uku a mako har wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce a ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi ƙwararrun wannan fanni ba su kai 10 ga mutum miliyan ɗaya ba. Saboda haka a zaure da tsakar gida za a warke ko a nakasa, kuma a zaure da tsakar gida dokar da ke aiki ita ce ta kunya da mutunci, ba ta asibiti ba.

Ku dubi namiji tukuna. Tun yana yaro an koya masa cewa namiji ba ya raki, ba ya nuna gazawa a gaban mata da yara. Yau ga shi yana jan ƙafa, baki ya karkace, yawu na zuba ba da saninsa ba. Idan hannun dama ne ya mutu, ba zai sa hannun hagu a kwano ɗaya da abokansa ba, sai ya daina fita cin abinci a ƙofar gida. Tafiyar da aka ce ya riƙa yi dole ta bi ta gaban majalisa da fadar samari, inda kowa zai miƙe yana "sannu, Allah ya sawwaƙe", kuma wannan sannun ta fi masa ciwo da ƙafar. Sai ya zaɓi ɗaki. Wani kuma akasin haka yake yi, amma dalilin dai ɗaya ne: mako biyu da sallama ya ɗauki hauya, ko ya hau babur zuwa kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi don a ga bai mutu ba, ya faɗi ya karya ƙugu. Dukansu biyu suna ƙin irin aikin da hannu ya fi buƙata, wato ƙananan motsi na yatsu. A ce wa dattijo mai mata biyu ya zauna yana tsince wake daga faranti zuwa faranti, ko yana matsa tsumma, zai ce an mai da shi mace ko yaro. Ba taurin kai ba ne kawai. Mutum ne da ya rasa rabin jikinsa yake ƙoƙarin kada ya rasa girmansa a kai.

Lamarin mace ya fi wuya, kuma ya fi ɓoyuwa. Idan maigida ya kwanta, akwai mace ko mata da za su juya shi, su yi masa wanka, su dama masa kunu. Idan uwargida ta kwanta, mijin yakan tsaya ne a sayen magani, jinya ta koma hannun ƴa, ko suruka, ko kishiya, ko a mai da ita gidan iyayenta. Waɗannan masu jinya ƙaunarsu ce ke cutar da ita. A wurinmu ladabin ƴa ga uwa shi ne kada ta bar ta ta ɗaga ko tsinke. Ta miƙa hannu za ta ɗauki moɗa, a riga ta. Ta yunƙura za ta tashi, a ce "Inna ki huta, me kike so a kawo miki?" Surukar da ta bar uwar mijinta tana fama da ɗaura zane da hannu ɗaya har minti biyar, alhali tana tsaye tana kallo, gobe garin zai ɗauka cewa ba ta da imani, ko da kuwa wannan faman shi ne maganin. Ga kuma batun fita. Ba kowace mace ce ke cikin kulle a ƙauyukanmu ba, da yawa suna noma gayaunarsu suna zuwa rijiya, amma fitar mace tana da dalili da ake ganewa: biki, suna, gaisuwar mutuwa, awo. Dattijuwa ta fito da sanda tana kai da komo a kan hanya ba inda za ta, wannan ba shi da suna a al'adarmu, za a ce ciwon ya taɓa mata kai. Matashiyar da ciwon ya buge bayan haihuwa kuwa tana da ƙarin tsoro: kada dangin miji su ga yadda take tafiya, maganar ƙarin aure ko saki ta taso. Sai ta lulluɓe hannun cikin hijabi, ta zauna inda aka ajiye ta. Sannan idan ma'aikacin da zai kama kafaɗarta da cinyarta ya nuna mata yadda za ta motsa namiji ne, ita da mijinta duka za su ce a bari, an gode.

Za a ce mini, kuma na san har cikin ma'aikatanku akwai masu wannan ra'ayi, wai matan karkara ba su buƙatar a koya musu motsa jiki, wadda ke daka da surfe da jan guga ta fi mai gudu a filin ƙwallo aiki. Gaskiya ne kafin ciwo. Bayan ciwo kuwa, macen da talauci ya tilasta wa komawa aiki da wuri da lafiyayyen hannun take yin komai. Da shi take tuƙa tuwo, da shi take shara, mataccen yana rataye ko tana riƙe da shi a ƙirji. Kullum lafiyayyen na ƙara ƙwarewa, ƙwaƙwalwa na ƙara mantawa da ɗayan. Masanin nan na Amurka Edward Taub ya daɗe da nuna cewa hannun da aka daina gwadawa yakan koyi rashin aiki ko da akwai sauran ƙarfi a cikinsa, kuma gwajin EXCITE da aka buga a 2006, a kan majinyata 222, ya nuna cewa idan aka hana lafiyayyen hannu aiki na wasu sa'o'i aka tilasta wa mai ciwon, yana samun ci gaba mai ɗorewa a wurin waɗanda ke da ɗan sauran motsi. Don haka wahala daban, jinya daban. Mace na iya wuni a tsaye tana aiki, hannunta na mutuwa a jikinta.

Sai dai kada gyaran ya zama sabon kuskure, a buga takarda biyu, ta maza da ta mata, a ce an gama. Abin da aka rubuta a katin asibiti, namiji ko mace, ba ya gaya wa likita yadda mutum yake tafiyar da rayuwarsa. Akwai malamin allo da ya shekara talatin a kan buzu, bai taɓa riƙe hauya ba, hannunsa da alƙalami da tasbaha ya saba. Akwai mai shayi da mai tsire da tela, maza ne da aikinsu na yatsu ne, ba za su ji kunyar tsintar wake ba. Akwai macen da ke fataucin rake da kayan lambu tsakanin Matameye da kasuwannin iyaka, wadda ta fi mijinta sanin hanya, ita zaman ɗaki ne zai kashe ta. Akwai gwauro da ba shi da mai juya shi, da bazawarar da ke riƙe da gida ita kaɗai. Wanda ya dubi kati ya yanke hukunci zai ba malamin aikin manomi, ya kulle ƴar kasuwar a tsakar gida. Tambaya biyu sun isa su hana wannan, kuma ba sa cin minti biyar: me kake so ka koma yi da kanka, kuma a gaban wa ba ka so a gan ka kana gwadawa?

Amsar tambayar farko, a wurin namiji da mace, kusan kullum takan faɗo a wuri ɗaya: in kewaya ban-ɗaki ba mai riƙe ni, in yi alwala da kaina, in yi salla a tsaye. Nan ne ƙofar take. Duk abin da mai kine zai koyar yana cikin waɗannan. Tashi daga tabarma zuwa kujera ƴar tsuguno, daga kujera zuwa tsaye, shi ne ƙarfin cinya. Tsuguno a masai da miƙewa shi ne daidaiton jiki. Karkata buta da hannun da ya raunana, da ruwa kaɗan a ciki yau, rabi bayan mako biyu, shi ne ƙarfin damtse da wuyan hannu. Jan tasbaha ƙwaya-ƙwaya da yatsun da suka mutu ya yi daidai da tsintar wake, kuma babu dattijon da zai ce an raina shi. Tattaki zuwa masallacin unguwa sau biyar tafiya ce mai suna, mai lada, wadda majalisa za ta yaba maimakon ta tausaya. Ga mace, zagayen tsakar gida tana dafa katanga, tankaɗe da hannu biyu a kan rariya, ɓarar gyaɗa, ƙulla ɗankwali, leƙa maƙwabciya gaisuwa da rakiyar jika. Har da abin da ba a kula da shi: silifas na fita daga ƙafar da ba ta ɗaguwa, dogon zane na harɗe ta, gara takalmi mai maɗauri da zane a ɗage kaɗan a cikin gida. Kuma a hana ɗaga majinyaci ta hanyar jan mataccen hannu, don haka ake gurɗe kafaɗa, ciwon kafaɗar kuma ya zama dalilin daina motsi gaba ɗaya.

Wa zai kai wannan gida-gida? Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. A jihar Damagaram aka fara Makarantar Mazaje a 2008 da tallafin UNFPA, inda magidanta da ake jin maganarsu ke zama suna shawo kan ƴan'uwansu maza su bar mata zuwa awo da haihuwa a likita, har wasu ƙasashe suka zo suka kwafa. Mazan da suka iya yin maganar haihuwa a dandali, maganar da ta fi kowace nauyi a bakin Bahaushe, ba za su kasa cewa miji ya riƙe matarsa ta taka tsakar gida ba, ko su je su fito da abokinsu daga ɗaki su raka shi masallaci. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, suna taruwa kowane mako a ƙauyuka, kuma mace na shiga ɗakin da namiji ba ya shiga. Ga rele-rele, wato masu taimaka wa ma'aikatan lafiya a cikin gari, da kuka riga kuka horar kan zazzaɓin cizon sauro da tamowa, ga matan da ke aikin awo a gidajen likita. Abin da ya rage shi ne a koya wa mace ɗaya da namiji ɗaya wannan aikin motsa jiki a kowane yanki na gidan likita, a ba su majinyatan da sunayensu, a tambaye su labari a ƙarshen wata.

Wasu za su ce wannan shiga hurumin addini da al'ada ne, ko kuma ciwon daga Allah ne, wasu ma su ce iska ce, maganinta tofi da rubutu. Ban ga inda tofi ya hana motsi ba, a yi duka biyun. Addinin da ya sauƙaƙa wa mara lafiya ya yi salla a zaune idan ya kasa tsayuwa, a kishingiɗe idan ya kasa zama, shi ne kuma ya umarci a nemi magani, kuma rangwame ba ya zama dalilin ƙin neman lafiya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, saboda haka motsin jikin mace ba abin kunya ba ne a asalin addini. Rufaida ta yi jinyar masu rauni a tantinta a Madina. Abin da nake nema ma bai taɓa sutura ko kulle ba: mace ta koya wa mace a cikin gida. Limamai da masu garuruwa ba za su ƙi wannan ba idan aka je musu da shi kafin a fara, ba bayan an gama ba. Abin da ya kamata a yi faɗa da shi a fili shi ne ɓata makonnin farko ana yawon neman wanda ya yi jifa, da tsaga da ƙaho a jikin da ba ya jin zafi.

Akwai ƙalubale biyu da suka fi waɗannan nauyi, don daga likitanci suka fito. Na farko, motsi na iya cutarwa. Gwajin AVERT da Julie Bernhardt ta jagoranta daga Ostareliya, aka buga a 2015 a kan majinyata 2,104, ya gano cewa waɗanda aka tayar da wuri ƙwarai, cikin sa'o'i 24 na farko, aka kuma yawaita musu, sun ɗan fi sauran rashin samun sauƙi bayan wata 3. Wannan gaskiya ne, kuma ya ƙara muhimmanci a yankinmu inda SIREN ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na ciwon fashewar jijiya ce ba toshewa ba. Amma gwajin bai ce a kwanta wata uku ba. Abin da aka fahimta daga gare shi shi ne kada a yi gaggawa a ranar farko, kuma gajeren motsi sau da yawa ya fi dogo mai gajiyarwa. Hasali ma hujja ce a gare ni: abin da yawansa ke cutarwa, ƙarancinsa ke nakasawa, magani ne da ke buƙatar awo, kuma awo aikin ma'aikacin lafiya ne. A gwada tansiyo kafin a fara, a faɗa wa iyali alamun tsayawa, wato ciwon ƙirji, jiri, haki mai tsanani, ko sabon rauni. Barin mutane su auna wa kansu shi ke haifar da mai kwanciya da mai hawan babur.

Na biyu ya fi kusa da shawarata. A Indiya an gwada koya wa iyali su yi wa majinyacinsu wannan aiki a gida, gwajin ATTEND, majinyata 1,250 a asibitoci 14, sakamakon ya fito a 2017, kuma bayan wata 6 ba a ga bambanci ba tsakanin waɗanda aka koya wa iyalansu da waɗanda ba a koya wa ba. Duk mai kawo shawara irin tawa dole ya tsaya a gaban wannan sakamako. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, horon ƴan sa'o'i da aka ɗora wa iyalin da jinya ta riga ta gajiyar ba ya wadatarwa. Shi ya sa ban ce a koya wa ƴar gida a sallame ta ba. Ita ce mutum ta ƙarshe da za ta iya ce wa mahaifinta "sake, Baba, saura goma", don tarbiyyarta ta hana. Ana buƙatar wani daga waje mai ɗan iko, wanda zai dawo mako-mako, wanda zai ɗauke wa suruka zargin rashin imani da cewa likita ne ya ce a bar Inna ta ɗaura da kanta. Ko hakan zai yi aiki a nan, gwaji ne zai nuna, kuma ina ganin ya fi dacewa a fara da yanki ɗaya a auna, da a baza shi ko'ina a kan zato. Jami'ar André Salifou da makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram suna da ɗaliban da ke neman abin bincike.

Saura maganar kuɗi da fifiko. Na san damina na zuwa da zazzaɓi, bazara da tamowa, kuma gadon yara ba ya zama babu kowa. Ba na neman a ɗauke ko dala daga can. Amma lissafin da ke cewa mai shanyewar jiki ba ya cikin gaggawa yana mantawa da wadda ke zaune a gefensa. Duk babban da ya kwanta shekara biyar, akwai mace da ta bar sana'arta ko yarinya da aka cire daga lakwal don ta riƙa juya shi, akwai gonar da aka jinginar, akwai yaran da abincinsu ya ragu, su ne kuma za su zo muku da tamowa. A watan Mayun 2023 babban taron lafiya na duniya ya amince da ƙuduri na farko a tarihinsa kan farfaɗo da masu nakasa da rauni, yana neman a shigar da aikin cikin kiwon lafiya na matakin farko, wato daidai matakin da kuke shugabanta. Ragin kuɗin asibiti da gwamnati ta yi a 2024 ya sauƙaƙa shiga likita, amma wanda ba ya iya tashi daga tabarma ragin bai iso gare shi ba.

Don haka ga roƙona, ranku ya daɗe. Ku sa a buɗe rajista a gidan likitan Ɗan Barto da sauran na gunduma, a rubuta duk wanda ciwon ya buge, namiji ko mace, da wanda ke jinyarsa, a kuma koma bayan wata 3 a rubuta ko yana tashi da kansa, yana kewayawa da kansa. A nemo mai kine daga Damagaram ko da sau ɗaya a wata ya horar da mace da namiji daga kowane yanki, ya duba masu wuyar lamari. A daina sallama da "a riƙa motsa jiki" kawai, a faɗi wane motsi, sau nawa, a ina, da wa. A kai maganar Makarantar Mazaje da taron Mata Masu Dubara da gidajen rediyon gari. Ranar 29 ga Oktoba ce ranar wannan ciwo ta duniya. Muna roƙon kafin ta zagayo, rajistar ta kasance a buɗe, kuma an horar da mace ta farko da za ta shiga gidajen Ɗan Barto.

Allah ya taimake ku a kan aikinku, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Naku, wani ɗan gunduma daga Ɗan Barto